Kujerun da Suka Tafi Kiwo

Wani mafarki na yi yau da asuba, ni da ba na mafarki. Ni in na kwanta na kwanta ke nan, kamar an yar da buhun dusa, sai kiran assalatu. Wadda ke da awakin tatsa cike da garke, ga miji, ga ɗa da matarsa, kowa "Inna kaza, Inna kaza", ina ta ga sararin mafarki? Amma yau na yi, kuma har yanzu yana kaina.

Sai kun fara sanin Alhaji kafin ku gane zancen. Alhaji kifi ne, ja mai ruwan zinare, ga tumbi, ga jela kamar mayafin amarya. Cikin akwatin gilashi yake a falonmu, nan gonarmu ta bayan Bichi, shi da wasu ƙananan kifaye marasa suna, a gefe kuma ga wani ɗan akwatin na jarirai. Ni na sa masa Alhaji, don ba ya aikin komai sai yawo da ciki a gaba. Maigidana, Malam Sidi, har yau bai yafe wa kifin nan da ya riga shi samun sunan ba.

Kifayen na 'yata ta fari ne. Ba na faɗin sunanta, haka aka tashe mu, "yarinyar nan" nake cewa, kowa a gida ya san wadda nake nufi. Bara ta sami aikin jinya a Gusau. Ranar da za ta tafi ta ɗaura mini abin awon hawan jinin nan a dantse, ta matsa, ta duba, ta ɓata fuska. Na ce mata jinina ne, in ya ga dama ya hau, ni ina da tatsa. Ta kwance abin awonta, ta san halina. Sai da ta ɗauki jaka sannan ta miƙo mini gwangwanin abincin kifi ta ce, "Inna, Alhaji ba ya ci sai an zauna a gabansa. Ki zuba masa, ki zauna har ya cinye. Kuma ke kaɗai, kada ki ba kowa."

Ku ji mini fa. Kifin da ba a ci, ba a tatsa, kuma sai an yi masa fadanci. Ni dai a tsaye nake watsa masa in zan wuce da bokiti, kuma ban ga ya rame ba. Ita kuwa duk ta bugo waya, kafin ta ce ya gajiya sai ta ce, "Yaya kifina?" Wannan abu yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Ka haifi mutum, ya riƙa tambayarka lafiyar kifi.

To a mafarkin, da hantsi ne, ina tsaye a falo da bokitin madara a hannu, sai aka fara ruwa. Daga ƙasa yake tashi. Ɗigo-ɗigo yana fitowa daga tsakar gida, daga randa, daga kwatami, yana hawa sama a hankali, ba iska, ba tsawa. Malam Sidi ya shigo tsaye a kan buɗaɗɗiyar laima, yana turawa da ƙafa.

"Malam, wane irin ruwa ne wannan?"

"Na komawa ne," in ji shi. "Ki ɗaga zaninki, ta ƙasa yake jiƙawa."

Na juya sai na ga akwatin Alhaji ma yana yayyafi. Ruwan ciki na tashi ɗigo-ɗigo, yana bi ta rufi ya wuce. Har ya ragu da kamu guda. Na ɗora faifai a kai, ya bi ta faifan. Na ɗora murfin tukunya, ya bi ta murfin. Alhaji ya matso jikin gilashi ya dube ni da idon nan nasa da ba ya ƙiftawa.

"Ki bar wahalar da kanki," ya ce. Muryarsa irin ta mai unguwarmu ce. "Ruwan da ba a zauna an kalla ba, tafiya yake. In ya ƙare ni ma zan bi shi."

"In ka bi shi me zan gaya wa yarinyar nan?"

"Wannan kuma tsakaninku."

Gabana ya faɗi. Ba don ina son kifin ba. Na dai tuna waya za ta yi ƙara, a ce mini "Yaya kifina?", kuma wannan ita ce kaɗai tambayar da yarinyar nan ke yi mini kullum ina da amsarta. Na ce to bari in zauna, ai zama ba wani abu ba ne. Na waiga neman kujera. Falo fayau. Ba kujera, ba tabarma, ko turmi babu.

"Malam, ina kujerun gidan nan?"

"Sun tafi kiwo tun safe. Sun ga ba a amfani da su."

"To in zauna a ƙasa."

"Ƙasa tana ruwa," ya ce. "Ki je ofis."

Na naɗa gammo, na ɗora akwatin gilashi a ka, na fita.

A hanya na gamu da ɗana Haladu a kan babur, yana tafiya da baya, jarkokin madara ɗaure a gaba. Daga gari yake, wai mutane sun gama sha yana mayar wa awaki. Na ce ya sauke ni a ofis. Ya ce ai shi jiya yake nufa, in ina da saƙo can ya kai mini. Na ce ba ni da shi. Ya gaishe ni da ladabi, ya wuce ta bayana.

Ofis ɗin a inda garkenmu yake aka gina shi, bene mai hawa biyu, an yi masa fenti ruwan madara. A saman ƙofa an rubuta Ma'aikatar Zama da Tashi. Bunsurunmu ne mai gadi, da hula da sanda. Tun daga nesa na gane shi, ba da ido ba.

Na ɗaga ƙafa ina sauri, ƙofar ta ja baya. Na ƙara sauri, ta ƙara ja. Na kama gudu-gudu, ruwa na tambal-tambal a kaina, har ofis ɗin ya koma ɗan mitsitsi can bakin daji.

"Uwar garke!" bunsuru ya kira ni, muryarsa kusa da kunnena. "Nan ba a zuwa da sauri."

"Kifina zai tashi!"

"Shi ya sa."

Na rage tafiya. Wallahi ya fi mini ɗaukar dutse wuya. Ƙafafuna ba su san tafiyar amare ba, sai da na riƙa yi musu magana. Da na koma taku ɗai-ɗai sai ga ƙofa ta zo da kanta ta tsaya a gabana. Bunsuru ya sara mini, ya ɗan ciji bakin zanina don gaisuwa, na shige.

Ciki duk awakina ne. Kowacce da teburinta, ba takarda ko ɗaya, teburan a share tas, ban kuma tambayi dalili ba don na sani. Fanka na juyawa a ƙasa. Wata 'yar baƙar akuya da na yi jinyar ƙafarta a damina ta nuna mini bene da haɓa ta ce darakta na jirana.

Darakta Gwaggo ce, tsohuwar akuyarmu ja, wadda ta fi kowa madara kuma ta fi kowa tsiwa, shi ya sa take da sunan. Ta sa tabarau, tana tauna harawa a hankali. Ba ta ce in zauna ba, don ba kujera. Ita kanta a kan tebur take tsaye.

"Me ke tafe da ke?"

"Kujera nake so, ta ɗan lokaci. Ruwan kifi ne ke tashi."

Ta ɗago kai ta dubi akwatin. Ruwa ya koma rabi. Ƙananan kifayen sun taru a lungu ɗaya. Alhaji ya gaishe ta, ta amsa, da alama sun san juna.

"Yaushe rabonki da zama?" ta tambaye ni.

"Kullum ina zama. In ina tatsarku ba a zaune nake ba?"

"Wannan tsuguno ne."

"In ina tace madara fa?"

"Sunkuyo ne."

"Ranar sunan jikan maƙwabciyarmu Hansai na zauna."

"Kin ɗosana," in ji Gwaggo. "Kika tashi kika shiga kicin ɗin mutane kika karɓe musu ludayi. An kawo mana ƙara."

Na gyara zaman akwatin a kaina. Na ce ni ba shari'a ta kawo ni ba, a ba ni kujera in tafi, tatsar yamma na jirana. Ta haɗiye harawarta ta cire tabarau.

"Wa ya ce sai ke za ki tatse mu?"

"In ban tatsa ba wa zai tatsa?"

"Ladidi."

Ladidi matar Haladu ce. Yarinya mai hankali, amma duk ranar da ta taɓa hantsar akuya sai an zubar da bokiti. Na gaya wa Gwaggo haka, na kuma tuna mata ita ce kan gaba wajen harbin.

"Ni ce," ta ce. "Ki tuna inda kike tsayawa in tana tatsa. A kanta. 'Ba haka ba, matso, saki, kama, ba ni nan.' Hannunta ya kama rawa, ta matse mu, mu kuma mu yi harbi. Ranar da kika je asibiti ta tatse mu ita kaɗai, har waƙa ta yi mana. Ko ɗigo bai zube ba. Kuma hannunta ya fi naki laushi, kada ki ji haushi."

Na ji haushi mana. Na ji zafin maganar nan har cikin ƙirjina. Akuyar da na karɓi haihuwarta da hannuna, na ɗumama ta da zanin jikina, ita ce yau ke yaba hannun wata a gabana. Na ce, "Gwaggo, ashe haka kike?" Ta ce haka take, kuma kujeru suna baya, in je in kama tawa in za ta yarda.

Bayan ofis fili ne mai ciyawa. Kujerun garin duka suna can suna kiwo. Ga manyan kujerun falo masu katifa kwance a inuwa suna tuƙa. Ga benci-benci na makaranta a jere suna bin juna. Ga fararen kujerun roba na biki, garke guda, in ɗaya ta firgita duk su watse. Kujerar Malam Sidi mai shimfiɗar baya na gani ta yi ƙiba har tana sheƙi, ban yi mamaki ba.

Tawa tana can gefe ita kaɗai, ɗaure a turke. 'Yar kujerar katako ce da aka kawo ni da ita gidan Malam, mai zanen wuta a ƙafafu. Ta rame. Ƙura ta rufe ta, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin ƙafafunta. Na matsa, ta ja baya iyakar igiyarta. Na yi mata irin kiran da nake wa awaki, ta juya mini baya.

"Ba ta gane ki ba," in ji Alhaji daga saman kaina. Muryarsa ta yi ƙasa.

Na sauke akwatin a kan ciyawa. Abin da na gani ya tsinka mini zuciya. Ruwan bai fi tsawon yatsa ba. Alhaji ya kwanta ta gefe, jelarsa a waje, tana ɗagawa sama kaɗan-kaɗan kamar ana jan ta da zare.

Gwaggo ta leƙo ta tagar bene. "Kujera ba ta zuwa wurin mai kaya a hannu," ta ce.

"Ai na sauke."

"Duba dai."

Na duba. Ashe hannuwa gare ni da yawa, ban san lokacin da suka fito ba, kuma ban ji wani abu ba, kamar dama can da su nake. Ɗaya riƙe da bokiti. Ɗaya da matacin madara. Ɗaya da tsintsiya, ɗaya da igiyar akuya, ɗaya da makullan sito, ɗaya da ludayin gidan Hansai, ashe ban mayar ba. Akwai wani hannun can baya da ba ya riƙe da komai, yana nuna wa mutane yadda ake yi ne kawai.

Na saki tsintsiya. Ta tashi sama tare da ruwa, hannun ya bi ta. Na saki ludayi, na saki mataci. Makullai sun ɗan yi mini gardama, don ban taɓa ba kowa su ba, amma na sake su, suka hau suna ƙara. Hannun nuni ya fi kowanne taurin kai, sai da na buge shi da ɗan'uwansa. Saura bokiti.

Nan muryoyi suka taso daga gida, ko'ina a lokaci ɗaya.

"Inna, madara ta tafasa!"

"Inna, ina aka ajiye kanwa?"

"Ke, mai harawa ya zo yana sallama!"

"Inna, Gwaggo ta kwance!"

Na ɗaga kai na ga Gwaggo a taga, ta girgiza mini kai, alamar ba ta kwance ba. Ƙafata ta riga ta juya da kanta za ta tafi. Na dubi gida, na dubi akwati. Alhaji ya bar ƙasan gilashi, yana lilo a cikin iska, bakinsa na buɗewa yana rufewa, ba ya cewa komai. Shirun nan nasa ya fi mini maganarsa ciwo.

Na buɗe yatsuna. Bokiti ya tashi, madara a ciki ko motsi ba ta yi ba, ya wuce ta saman bene, can na hango Ladidi a kan rufi ta miƙa hannu ta cafe shi, ta durƙusa ta ce, "Na karɓa, Inna."

Sai na ji abu yana gogar ƙafata ta baya. Kujerata ce, ta tsinke igiya ta zo, tana shinshina ni. Na goge mata ƙura da bakin zani. Na juya zan zauna, gwiwoyina suka ƙi. Suka yi ƙara kamar tsohuwar ƙofar sito. Na ce musu, "Ku ma yau sai kun yi," na danna, na danna, har na ji katako a ƙarƙashina.

Na zauna.

Ruwa ya tsaya cak a sararin sama, kowane ɗigo a inda yake. Muryoyin gida suka yi shiru. Daga nan ya fara dawowa, ba da ƙarfi ba, kowane ɗigo yana neman inda ya fito. Na randa ya tafi randa. Na akwati ya riƙa sauka a hankali har ya rufe Alhaji, ya miƙar da shi, ƙananan suka fito daga lungu. Ni dai ina zaune hannuna biyu a cinya, ban san abin da ake yi da su ba. Na ji kafaɗuna sun sauko daga kusa da kunnuwana, ashe can suke zaune tun tuni. Na ji wani bugu da ke ƙeyata kullum, wanda na ɗauka haka kan kowa yake, ya lafa.

Ina kallon kifin yana zuwa yana dawowa. Wallahi ba laifi. Jelar nan tana da kyau in mutum ya tsaya ya gani.

Ta cikin gilashin sai na ga fuska a ɗaya ɓangaren. Yarinyar nan ce, da fararen kayan aikinta, ita ma zaune, ta tallafe haɓa. Abin awon nan na rataye a wuyanta. Ruwa ne kawai da kifi tsakaninmu.

"Yaya kifina?" ta ce.

Na buɗe baki zan ce ga shi nan yana iyo, sai na lura ba shi take kallo ba. Ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Ni take kallo, tun daga goshi har hannuwan da ke cinyata.

"Ke," na ce, "kifin nan ko a tsaye aka watsa masa yana ci."

"Na sani, Inna."

"Kin sani?"

"Ni na raine shi. Ko a guje kika watsa masa zai ci." Ta sunkuyar da kai, irin yadda take yi tun tana ƙarama in ta yi abu ba ta so a yi mata faɗa. "Da na ce ki huta, me za ki ce mini?"

Na san abin da zan ce mata. Ita ma ta sani. Wata da watanni yarinyar nan tana bugo waya daga Gusau tana tambayata ko na zauna, ni kuwa ina jin haushin kifi. Kunya ta kama ni, tausayinta ya kama ni, da wani daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba, ita kuma ba ta taɓa ce mini tana tsoron ta rasa ni ba. Sai muka sa kifi a tsakiya.

Na waiga. Ba kowa a filin sai kujeru da awaki, su kuwa ba sa kai magana gari. Na ce a raina yau dai zan kira sunan nan sau ɗaya, ta ji shi a bakina. Na matso da kujera. Na sa tafin hannuna a jikin gilashi, ta sa nata ta can. Na ja numfashi.

Ƙwaram!

Murfin bokiti ne ya faɗi a tsakar gida, yana ta juyi a kan siminti kafin ya kwanta. Na buɗe ido. Gari ya waye tas, ashe bayan sallar asuba na koma na kishingiɗa barci ya sace ni, abin da ban taɓa yi ba. Awaki na ta kuka a garke, muryar Gwaggo a sama da ta kowa. Daga falo ina jin ɗan injin iskar kifi yana ɓul-ɓul ɗinsa.

Ladidi ta leƙo bakin ƙofa a tsorace, murfi a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya.

"Yi haƙuri, Inna, suɓuce mini ya yi. Ga bokitin, sun matsu."

Na miƙa hannu zan karɓa. Hannun ya kai rabi na mayar da shi.

"Je ki tatsa," na ce.

"Ni kaɗai?"

"Ke kaɗai. Ki yi musu waƙar nan taki."

Ta tsaya tana kallona baki buɗe, don ba ta taɓa gaya wa kowa tana yi musu waƙa ba. Na wuce ta na shiga sito. Kujerar tana bayan buhunan dusa, ƙafafu a sama. Na kaɗe ta, na kai ta falo, na ajiye gaban Alhaji, na ɗauko gwangwani da waya. Gwiwoyina suka yi ƙarar nan tasu.

Yau ni zan riga ta bugawa.